Yaya ake gane malamin ƙwarai, kuma yaya karatu ke zama a ka?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya biyu gare ni, amma a haɗe suke. Saura mako shida mu shiga jarrabawa, muna neman wanda zai riƙa yi mana bitar lissafi a nan Samaru. Mutum biyu aka nuna mana. Ɗaya an ce gwani ne, ga daɗin baki, ajinsa kullum a cike. Ɗayan an ce girman kai gare shi, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ban taɓa zama da ko ɗayansu ba. Yaya zan auna su ban zalunci kowa ba? Na biyu, ina karatu ina ganewa, amma bayan kwana uku kamar an wanke allo. Ina matsalar take?

Malam na Kwarbai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da raba abin da mutum ya aikata da sunan da aka laƙaba masa. "Girman kai" suna ne. "Na gaishe shi bai amsa ba" aiki ne. Koma wurin wanda ya ba ka labarin ka yi masa tambaya uku: ka gani da idonka ko ji ka yi, sau nawa, a wane hali? Sau da yawa za ka tarar mutum biyar da suka faɗa maka magana ɗaya, duk daga bakin mutum guda suka ɗauko ta. Wannan shaida ɗaya ce, ba biyar ba.

Malaman hadisi sun daɗe da tace wannan. A fannin jarhi da ta'adili, wato suka da yabon masu ruwaito hadisi, idan an riga an yaba adalcin mutum, ba a karɓar suka a kansa sai an fayyace dalilinta, kuma ana taka-tsantsan da sukar tsara a kan tsara, don kishi na shiga. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce a yi bincike kafin a ɗauki labari, ta 12 kuma ta hana yawan zato. An kuma ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi mai yabon wani: maƙwabcinka ne, ko kun yi tafiya tare, ko kun yi cinikin kuɗi? Da mutumin ya ce a'a, Umar ya ce to ba ka san shi ba. Lura, yabo ne aka bincika a nan, ba zagi ba. Gwanin naka ma yana bukatar awo.

Daɗin baki yana ruɗi. Wani masani ɗan Amurka, Edward Thorndike, ya nuna a 1920 cewa idan hafsoshin soja suna auna na ƙasa da su, wanda suka ga yana da kyan tsayuwa sai su ƙara masa maki a basira da shugabanci da hali gaba ɗaya. Siffa ɗaya ta rina sauran.

Ga gwajin da za ka yi. Zauna a ajin kowannensu sau uku, a ranaku daban-daban, kada ka yanke komai a zama na farko. Je da tambaya biyu: ɗaya wadda ka riga ka san amsarta, ɗaya mai wuya daga tsofaffin takardun jarrabawa. Duba abin da yake yi idan ya kakare. Mai cewa "ban sani ba, zan duba" kuma ya dawo da amsa gobe, riƙe shi. Mai lulluɓe ka da Turanci har ka manta abin da ka tambaya, a kai kasuwa. Sannan bayan kowane zama ka koma ɗaki ka gwada warware tambaya biyar kai kaɗai. Wanda ka fi ci bayan ajinsa, shi ne malaminka, ko fuskarsa a murtuke take.

Malamar Kongo:
Malam ya gama da ta farko. Ta biyu, ɗana, ganewa daban, iya fito da abu daga ka daban. Idan kana maimaita karanta shafi, ido ne ke sabawa da shi, sai zuciya ta ce "na sani". A ɗakin jarrabawa kuwa babu shafin.

An gwada wannan a Amurka a 2006. Wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, sun sa wasu ɗalibai karanta rubutu sau huɗu, wasu kuma sau ɗaya sannan su rufe su rubuta abin da suka tuna sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda, su kashi 40 cikin ɗari suka tuna, masu gwada kansu kashi 61. Shi ya sa hanyar banza ke da daɗi: ribarta a nan take ake gani.

Yi haka. Karanta na minti 25, rufe littafi, ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna cikin minti 10, sannan ka buɗe ka yi wa gurbin da ka bari alama da jan biro. Jan nan shi ne karatunka na gobe, ba shafin gaba ɗaya ba. Ka sake gwada kanka washegari, sai bayan kwana 3, sai kwana 7, sai kwana 21. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, daga baya ta lafa, don haka bitar washegari ita ce ba a wasa da ita.

Na lissafi kuma, kada ka jera tambaya ashirin iri ɗaya. Gauraya babi uku a zama guda, domin rabin wahalar jarrabawa shi ne gane wace dabara tambayar ke nema. Inda ake faɗuwa: leƙen amsa kafin a yi fama da tambaya ko na minti biyar, rukunin bita da ya wuce mutum huɗu (majalisa ce wannan, sai shayi), da kwanan aji har asuba. Barci ne ke daddale abin da aka karanta da rana.

Gardi:
Abin da Hajiya ta faɗa ai tsangaya ta riga kowa. Ba a wanke allo sai an biya shi da ka a gaban malam. Sabon karatu kaɗan da asuba, tishin na kusa da rana, tilawar na nesa da dare. Izu 60 ne, mai tilawar izu biyu kullum yana zagayowa duk wata. Wanda ya ƙara sabo ya bar tilawa, kwando yake ɗiban ruwa da shi.

Ɗan Sabon Gari:
Ni dai Malam na Kwarbai, da ɗan gyara. Kyautata zato daban, miƙa kuɗi daban. A kasuwa za ka iya ɗaukar mutum a mutumin kirki kuma ka ƙi ba shi bashin buhu goma a karon farko. Ana farawa da tiya. Kada yaran nan su biya kuɗin mako shida a dunƙule, su biya na mako ɗaya. Kuma labarin fuska ba ƙarya ne duka ba, wanda ke wulaƙanta mai tambaya a gaban aji, ko ya iya, ɗalibai za su daina tambaya.

Malam na Kwarbai:
Na karɓa, Alhaji. Amma wulaƙanci a aji abu ne da za su gani da idonsu a zama ukun nan, ba sai an ba su labari ba. Rashin amsa gaisuwa a hanya kuwa yana iya zama rashin ji, ko kunya, ko mutum ya baro mara lafiya a asibitin Shika. Ɗan Samaru, rubuta abin da ka gani da kwanan wata a bayan littafinka. Idan zama na uku ya saɓa wa na farko, ƙara na huɗu.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, kwana 21 ɗin fa, babin da za mu yi a makon ƙarshe ba zai samu ba.

Malamar Kongo:
Matse tazarar: washegari, kwana 2, kwana 4. Kuma babin da ya fi ba ka wuya ka fara shi a wannan makon, ko malamin bai iso wurin ba.