Abin da muka tattauna kan Kumasi da arewacin Gana

'Yan'uwa, na tattaro maganganun da aka yi, ga su a taƙaice.

1. Kusan kowa ya yarda Kumasi da arewa cin moriyar juna suke. Doya, masara da shanu suna gangarowa, kuɗin Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, suna hawa.

2. Batun kayaye, wato 'yan matan da ke dako a kasuwa, ne ya fi ɗaukar lokaci. Yarinya ta baro ƙauyen Tamale ko Walewale, kwano a ka tun asuba, ta kwana gaban shago. Wasu suka ce a gina musu masauki a nan Kumasi. Wasu suka ce masauki ba ya hana wata tasowa gobe, gara a kai masana'antar kaɗanya da shinkafa can gida. Ni dai na fi karkata ga wannan ra'ayi na biyu, amma wadda ta riga ta zo ba za a bar ta cikin ruwan sama ba.

3. Asusun gwamnati na raya unguwannin Zango na 2017: an yaba, sai dai mutanen unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sun ce magudanar ruwa da makaranta ne kan gaba.

4. Sabbin yankuna shida da aka ƙirƙira a Gana a 2019 sun raba kanmu. Wasu na ganin Nalerigu da Damongo, hedikwatocin sabbin yankuna biyu na arewa, za su riƙe matasa, wasu sun ce ofis ba aiki ba ne.

5. Zaman lafiya da Asantawa, 'yan asalin Kumasi: a riƙa shiga bikinsu da makokinsu.