Girkin biki da yawo a garin hamada

Jiya mun sha hira da ma'auratan da ke zaune a garin hamada, ga abin da na tsinta. Kan girkin biki baki ya zo ɗaya, a ɗora tukunya tun asuba kafin rana ta buɗe, maigida ma ya shigo kicin ya kama yanke-yanke ba zaman danna waya ba. Wata ta ce kwaɓin fulawa saurin bushewa yake a iskar can, sai an lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle. In zafi ya haura digiri 32 kuma, kar dafaffen abinci ya wuce awa 1 a waje, sai firji.

Yawo kam sai yamma lis, a ɗebi ruwa da yawa, a riƙe rigar sanyi don dare juyawa yake.