Zakaran da Allah ya nufa da cara: in ba kai ne zakaran ba fa?

Maman Tagwaye (Ingila): Salama gare ku 'yan gida. Tambaya ce da ni kan wani karin magana, amma bari in fara da abin da ya jawo ta. Na shigo Ingila a 2024 da bizar aikin kula da tsofaffi, bayan 11 ga Maris ɗin da aka hana irinmu tahowa da iyali, don haka maigidana da tagwaye suna nan Kano. Makon jiya aka ƙwace wa kamfanin da ya ɗauko ni lasisin ɗaukar baƙi. Ƙa'idarsu, in takarda ta iso kwana 60 gare ka, ka samu wani kamfanin ko ka tattara komatsanka. Na kira Mama ina tsaye a tashar bas, ana yayyafi, ina kuka. Sai ta ce, "Ke, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." Na ce amin. Amma daren ban runtsa ba. In ba ni ce zakaran ba fa? Kaji nawa shaho ya sure tun muna yara? Su Allah bai nufe su da komai ba ke nan?

Ɗan Kwari: Sannu Yaya, Ubangiji ya buɗe hanya. Ni dai gaskiya karin maganar nan ba ta kwanta mini ba. A kasuwa ban taɓa jin ta a bakin wanda ke cikin wuta ba, sai wanda ya tsira. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, kawuna shagonsa ya ƙone ƙurmus, na maƙwabcinsa layi biyu gaba ko hayaƙi bai taɓa ba. Wa kike jin ya yi ta faɗin zakaran da Allah ya nufa da cara? Ki share hawaye ki hau neman aiki. Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka.

Malamar Hausa: Ɗan Kwari, wannan "tashi in taimake ka" ɗin a wace sura ka karanta ta? Maganar Bahaushe ce, mai kyau kuwa, amma ba aya ba ce, kada gobe ka hau bagade da ita.

Ƙanwata, ki sake sauraron karin maganar da kunnen wanda ya taɓa kiwon kaji. Shaho ba ya ɗaukar ƙaton zakara. 'Yan tsaki yake sura, da rana tsaka, a tsakar gida. Muzuru kuwa na dare ne, a akurki yake ɓarnarsa. Ashe wanda ake magana a kansa ba zakara ba ne tukuna, ɗan tsako ne da ko zanko bai fito masa ba, rana ba lafiya, dare ba lafiya. Cara kuma ba ranar da aka ƙyanƙyashe shi zai yi ta ba, sai ya yi watanni. Ni a wurina maganar girma ce da lokaci, ba maganar sa'a ba. Kuma ki lura, ba a ce babu muzuru ba. "Ana muzuru ana shaho" aka ce, wato suna nan daram, ba wanda ya kore su.

Ɗan Kwari: Na karɓi gyara, Malama. Amma ba ki amsa mata ba. Tsakon da aka sure fa?

Malamar Hausa: Karin magana ba ta amsa wannan, kuma ba aikinta ba ne. Bahaushe yana da wata ga mai gaggawa, wata ga mai sanyin jiki. Wanda ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, shi ne dai ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Mama ta ji muryar 'yarta na rawa, ta miƙo wadda ta dace da mai kuka.

Ɗalibi a Kanada: Ni wadda ta dame ni ita ce "kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Lokacin da na taho, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kuɗin makarantar da Baba ya tanada daga sayar da fili ya narke kamar ƙanƙara a rana. Wani ɗan'uwa ya turo mini wannan karin maganar ta WhatsApp, har da hoton dariya. A cocin da nake zuwa a nan, fasto kullum Irmiya 29:11 yake ja mana, wai Allah yana da shirin alheri dominmu. Ina jin daɗinta, amma mai gidan haya ba ya karɓar aya.

Dattijo na Sabon Gari: 'Ya'yana, na karanta duka. Ɗana na Kanada, ayar da fastonka ke ja gaskiya ce, amma ka koma farkon surar. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, baƙi a ƙasar mutane kamar ku. Akwai annabin da ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo, yana sura ta 28, Hananiya sunansa. Irmiya kuwa ya ce shekara 70. Ya ce su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure, su yi wa garin addu'a. Lissafa da kanka: wanda aka kwasa yana da shekara 40, zai ga ranar komowa? Yawancin waɗanda suka fara jin ayar nan a Babila aka binne su. Amma ba a ce shirin Allah ya faɗi ba.

Shi ya sa, Maman Tagwaye, ba zan ce miki lallai bizarki za ta tsaya ba. Ban sani ba, mamanki ma ba ta sani ba. Inda nake ganin kin ɗaure kanki shi ne kin riga kin yanke cewa carar taki a Ingila take. Wa ya faɗa miki? Zakara ba ya zaɓen dangar da zai hau. Yusufu a Masar ya yi tasa, bayan rami da kurkuku. Na'omi kuwa daga Mowab ta dawo Baitalami hannu rabbana, har tana cewa a daina kiranta Na'omi, a ce mata Mara, kuma ta hanyar surukar da ta biyo ta aka haifi kakan Dawuda. Ɗaya ya zauna, ɗaya ta dawo.

Af, tunda karin magana ake: a tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda muka taso da ita, littafin Sulemanu "Misalai" ake ce masa. Daga baya ne aka mai da shi "Karin Magana". Har yau in na ce a buɗe Misalai uku, matasa sai su yi ta laluben fihirisa.

Maman Tagwaye (Ingila): Baba, na gode, amma maganarka ta yi mini nauyi. Bashi muka ci na taho. In na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da akwati ɗaya, da wane ido zan kalli matan zumunta da suka yi mini rakiya da waƙa?

Dattijo na Sabon Gari: Da idon da suka kalle ki ranar da kika tafi, 'yata. Rabinsu suna da ɗa ko ƙani a waje da ba sa faɗin halin da yake ciki.

Malamar Hausa: Baba ya tuna mini abu. Duk wanda ya ga shaho ya kawo sura ya san abin da tsako ke yi: uwar ta yi ƙara ɗaya, su ruga ƙarƙashin fikafikanta. Hoton da Yesu ya ɗauka ke nan a Matiyu 23:37. Tsakon bai san ko zai yi cara ba, inda zai ruga kawai ya sani.

Ɗan Kwari: To ya ruga, amma in shaho ya wuce ya fito ya yi tono! Yaya, kamfani nawa kika rubuta wa?

Maman Tagwaye (Ingila): Bakwai. Biyu sun ce babu gurbi, ɗaya ya ce in zo ranar Alhamis da ƙarfe goma, sauran shiru. Takardar kwana 60 ɗin ba ta iso ba tukuna, kullum da safe sai na duba.

Ɗalibi a Kanada: Goman Ingila ƙarfe nawa ke nan a Kano? In sa ƙararrawa.

Maman Tagwaye (Ingila): Yanzu da aka mai da agogo baya, sha ɗaya ne a wurinku na Kano. Kai na Kanada ka yi naka lissafin. Ɗan Kwari, in ka bi ta wajen Mama kada ka ce mata na kawo maganarta nan.