Dutsen addu'a ko hoton mahaifa? Wanda ya taɓa zuwa ya ba ni labari don Allah

YarKagoro:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina neman shawarar wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ne, ba wanda aka ba labari ba. Shekara 6 ke nan da aurena ko ɓari ban taɓa yi ba. Yayar mijina ta matsa mini lamba sai na bi ta wani dutsen addu'a, kwana 7 ake yi, ukun farko ba ci ba sha, sauran daga shida zuwa shida. Ta ce in riƙo dubu 45 na wurin kwana da man shafawa da kuɗin baiko, wai irin da zan shuka. Matsalata ina da olsa, ko azumin Janairu na cocinmu ƙarfe 12 nake buɗe baki, kuma duk abin da ke hannuna dubu 80 ne na adashi da na ajiye don hoton mahaifa da likita ya rubuta mini tun watan jiya. Maigida yana Legas wurin aiki, ya ce duk wanda na ga ya fi. Ranar Alhamis motar za ta tashi. Ba wai ba na addu'a ba ne, kullum asuba ina durƙushe, har na kai inda ban san me zan ƙara gaya wa Allah ba, sai in yi shiru ina hawaye kawai. Akwai abin da ake samu a can wanda ba a samu a ɗaki? Kuma mai olsa za ta iya?

SojanYesu:
Yar'uwa kije kawai. Nayi kwana 21 akan dutse shekarun baya, ina saukowa da sati biyu aka kirani aiki. Kofa bata budewa sai an kwankwasa da karfi. Daniyel ma sati uku yayi.

MalamarSandeskul:
Daniyel ba ruwa ya daina sha ba fa, duba sura 10 da kyau, nama da ruwan inabi da abinci mai daɗi ya bari. Kuma ta ce tana da olsa, ka karanta kuwa?

SojanYesu:
Olsa ta fi karfin Allah ne?

UwarZumunta:
'Yata sannu. Kin ce kina yin shiru kina hawaye kamar abin kunya ne, to ai addu'ar Hannatu ke nan a Shilo, leɓunanta suna motsi ba a jin muryarta har Eli ya ɗauka ta sha giya. Ba ta biya kowa ba kafin a ji ta. Mu a zumuntar matanmu duk Talata muna zuwa gidan wadda ke cikin damuwa, mu yi waƙa biyu mu durƙusa tare, ko ruwan sanyi ba dole ba ne ta ba mu. Kin gaya wa matan zumuntarku kuwa?

MamanTagwaye:
Ban so in yi magana ba amma na kasa barci da na ga wannan. Ni shekara 8 na yi. Nima haka aka kai ni, wata ƙawata ce a kasuwa ta ce akwai bawan Allah da ba ya kuskure. Zuwan farko dubu 10 kuɗin ganinsa, na biyu ya ce a kawo man zaitun kwalba uku daga wurinsu kawai, na uku keken ɗinkina na sayar, keken da babana ya saya mini da na gama koyon sana'a. Duk wannan na yafe, kuɗi ne. Abin da ban yafe wa kaina ba shi ne ranar da ya ɗora hannu a kaina a gaban mutane ya ce yana ganin wata tsohuwa mai tsage biyu a kumatu ta ɗaure mahaifata a cikin tukunya. Uwar mijina tana da tsage biyu. Rabin tsofaffin garinmu suna da tsage biyu amma a lokacin hankalina bai ba ni haka ba. Matar nan ita ke aiko mini da acca da daddawa duk kaka, ita ce ma take hana dangi maganar a ƙara masa aure, na daina gaishe ta, ta aiko da abinci in zubar a bayan gida, har dare nake tashi ina kiran wuta a kanta da sunanta, wai ni addu'a nake yi. Ta zo gidanmu ta zauna a bakin ƙofa ta ce 'yata me na yi miki, na shige ɗaki na kulle. Bayan wata biyar ta rasu. Shekara ɗaya bayan nan jini ya yi mini yawa aka kai ni asibiti dole, aka ga fibroid, wato ƙari a mahaifa, aka yi aiki, shekara biyu na haifi 'yan biyu. Yanzu in na zo wurin nan a Addu'ar Ubangiji inda muke cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa wasu, bakina nauyi yake yi. Ita ba ta ma yi mini laifin da zan gafarta ba. Kada ki je, ko kyauta ne.

Nas_Jos:
Wayyo Mama. Allah ya ba ki salama.

UwarZumunta:
Kai, hawaye na yi. Kin taɓa gaya wa mijinki duka?

MamanTagwaye:
Ya sani. Ƙannensa mata ne har yau ba sa shiga gidana, a biki ma sai dai mu gaisa sama-sama. Yaran ba su san gidan kakarsu ba.

SojanYesu:
Mama kiyi hakuri amma ke gidan annabin karya kika je, ba dutsen addu'a ba. Kada ki hada. Inda naje dubu 2 ne kawai kudin tabarma da ruwa, babu mai daura maka hannu sai ka nema.

DanWusasa:
Dubu 2? Wace shekara? Matata ta je bara dubu 18 ta biya, ban da mota. Man shafawar kaɗai dubu 7, da ta kawo gida na duba na ga Goya ne irin na kanti an ɓare takardar.

MaiKeke:
To ni zan buɗe nawa dutsen a bayan gidanmu, akwai tsauni ɗan madaidaici. Dubu 1 da ɗari biyar, da shayi. Masu olsa rabin kuɗi.

MalamarSandeskul:
MaiKeke ba lokacin wasa ba ne, mace tana kuka a nan.

MaiKeke:
Tuba nake Malama. Amma da gaske dubu 45 ta yi yawa, yayar mijin nan a tambaye ta ko da nata kason a ciki.

Dattijo57:
Ya'yana ku bar ni in sa baki. An yi mini baftisma a rafi ina da shekara 16, kuma babana yana cikin waɗanda suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, na farkon nan da ya fito a 1932, har ya rasu shi yake riƙewa duk da an yi sabuwar fassara. A ƙauyenmu wilin mota aka rataye a bishiya, mai bishara ya buga shi da asuba, kowa ya fito da bargo, a yi waƙa ɗaya, a karanta Zabura, mutum uku su yi addu'a, a tafi gona. In wani ba shi da lafiya dattawa su je gidansa kamar yadda Yakubu 5:14 ta ce, su yi addu'a su shafa masa mai, man da ke cikin gidan ko na gyaɗa ne. Ban taɓa ganin an karɓi sisi ba. Kuma mutanen mishan ɗin da suka koya mana addu'a su ne suka gina ɗakin shan magani kusa da majami'a, ba su ga saɓani tsakanin biyun ba. Hawan dutse ba laifi ba ne, Ubangijinmu ya hau dutse ya kwana yana addu'a. Amma wanda ya sa wa addu'a farashi ya je ya karanta abin da ya sami Gehazi bayan ya bi Na'aman. 'Yata, ki je wurin fastonki da dattawa kafin Alhamis.

SojanYesu:
Baba da girmanka, irin addu'ar sanyi ta zamaninku ce tasa matasa suke barin cocin iyayensu. Minti biyar ace amin. Gwauruwar Luka 18 naci tayi har alkali ya gaji.

Dattijo57:
Naci ta yi, ba cin hanci ta ba shi ba. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi. Shi ma addu'ar sanyi ya yi?

DanWusasa:
Baba maganarka gaskiya amma "je wurin fasto" ɗin nan ba kullum yake aiki ba. Mu da muka je, ranar Lahadi sai ga shi an ce duk matan da ke neman haihuwa su fito gaba. Matata ta tsaya a gaban mutum ɗari uku ita da wasu mata biyu, ni ina zaune a benci ba wanda ya ce in tashi. Sati uku ba ta je sujada ba.

Nas_Jos:
Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai. Shekara 14 ina aikin jinya, mace za ta yi azumi ta rame ta zagaye duwatsu, mijin ko gwajin maniyyi bai taɓa yi ba, alhali shi ne gwaji mafi sauƙi da arha, kuma sau da yawa matsalar daga wurinsa take ko daga su biyun. YarKagoro, a matsayina na nas: kwana 3 ba ruwa ga mai olsa hatsari ne, na karɓi waɗanda aka kawo suna aman jini daga irin wannan. In kina so ki keɓe kanki ki yi, amma ki sha ruwa ki sha maganinki. Ni kaina kafin in shiga ɗakin haihuwa sai na yi addu'a, Luka ma likita ne. Hoton bututun mahaifa wajen dubu 30 ne, kuɗinki zai isa har da na maigida in ya dawo.

MamanTagwaye:
Dubu 30 a ina? Ƙanwata ta yi a Kaduna wata uku da suka wuce dubu 65.

Nas_Jos:
Na kuɗi ta je ke nan. Na gwamnati bai kai haka ba, sai dai layi.

DanMaradi:
Mu nan wajenmu jikka ake lissafi, ban san canjinku ba yanzu. Amma mutanenmu Galmi suke zuwa, asibitin mishan ne tun 1950, ana yi maka addu'a ana duba ka, ba a ce ka zaɓi ɗaya.

YarFada:
Mu Katolika ko a Larabar Toka marar lafiya ba a ɗora masa azumi. Ki yi nobena, addu'ar kwana 9 a ɗakinki, ba ko kwabo. Ni da ita na samu natsuwa lokacin da mijina ya rasa aiki, aikin bai dawo da wuri ba amma na daina tashi tsakar dare da bugun zuciya.

SojanYesu:
Maimaita magana daya sau hamsin shine addu'a? Matiyu 6:7 fa?

YarFada:
Ku da kuke ihun "wuta, wuta" awa uku ba maimaici ba ne? Ka koma aya ta 6 ma, a shiga ɗaki a rufe ƙofa aka ce.

MalamarSandeskul:
Don Allah kada mu mai da shi faɗan ɗariƙa.

MaiKeke:
A'a bar ta ta faɗa, maganar rufe ƙofar nan ta taɓa ni. Wani sabon coci ya kama shago a jikin katangarmu, mutum 9 ne na ƙirga su, amma lasifika huɗu, biyu suna kallon tagata. Duk Juma'a kwanan addu'a daga 10 na dare har 4 na asuba, ni kuma 5 nake fita da keke. Jaririnmu har ya iya firgita in an ce haleluya.

DanWusasa:
Kai ma ke nan. Mu unguwarmu a haɗe muke da maƙwabta Musulmi, shekara da shekaru lafiya lau, mai unguwa ya tara mu aka yarda kowa ya rage ƙara bayan 10, masallaci suka rage, cocinmu ya rage, wani mai wa'azi da janareto ya zo ya ce shi ba mutum ne ya kira shi ba don haka ba mutumin da zai rage masa murya.

SojanYesu:
In kuna barci makiyi baya barci. Bulus da Sila da tsakar dare suka yi waka a kurkuku.

MaiKeke:
Da baki suka yi, ba su da amfilifaya.

Dattijo57:
Ni abin da ya fi damuna yaran da ake kwana da su a wurin, washegari Asabar suna gyangyaɗi, ga tsofaffi masu hawan jini a maƙwabta. Mun kai maganar taron dattawa sau biyu.

YarKagoro:
Na gode muku duka, na karanta har ƙasa. Mama mai tagwaye tun jiya maganarki take yawo a kaina, don yayar mijina ta riga ta fara cewa a can za a "nuna mana ko wane ne". Na kira maigida na gaya masa maganar Nas ta gwajinsa, ya yi shiru ya ce zai kira ni in ya tashi aiki, har yanzu bai kira ba. Ita kuma ta aiko yaro ɗazu wai in ba da dubu 10 na kujerar mota kafin gobe da rana. In na ce ba zan je ba za a ce ni ce ba na son haihuwar. Yaya zan gaya mata ba tare da an yi rigima ba?

UwarZumunta:
Ki ce mata mijinki bai ba da izini ba tukuna, ai gaskiya ce. Ki turo mini saƙo ta akwati in kira ki da yamma mu yi addu'a tare.

SojanYesu:
Kujerar mota dubu 10? Mu dubu 3 da dari biyar muka biya zuwa da dawowa.

MaiKeke:
DanWusasa, shi mai janareton naku daga baya ya rage ko sai da kuka kai shi wurin hukuma? Ina so in san ta inda zan fara, gobe Juma'a ce ta wannan satin ma sun ce har da ganga za su kawo.

MalamarSandeskul:
Gobe Laraba ce MaiKeke. Rashin barcin ya taɓa ka da gaske.