Har wanda ya riƙe mini kuɗi cewa yake in yi tawakkali

Mai Kanti Bagalam: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Ni a Maradi nake, tun da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ban sake miƙewa ba. Kayan da nake ɗaukowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa suka tsaya cik, Najeriya ta yanke wuta, firjin da nake sayar da ƙanƙara da lemo ya koma wurin ajiye kwanuka. Aka buɗe hanya a 2024, na ce Alhamdu lillahi, sai ruwan ƙarshen Agusta ya kayar mini da ɗaki biyu da katangar gida. Duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne wani ɗan uwa da na ba kaya bashi na jikka 400 tun kafin a rufe hanya. Jiya na je gidansa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yi tawakkali, arziki na Allah ne." Mutumin da ya sayi sabon babur wata biyu da suka wuce! Ina sallah, ina maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil, amma in na kwanta barci ya ƙi zuwa, ƙirjina kamar an ɗora turmi. Natsuwar da malamai ke cewa tana cikin dogaro ga Allah, ina take? Ni na ga tawakkali ya zama maganar da mai ƙoshi ke toshe bakin mai yunwa da ita. Ko kuwa ni ne dai ba ni da sa'a?

Ustaz: Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka. Amma ka janye kalmar nan ta ƙarshe. Musulmi ba ya cewa ba shi da sa'a. Ƙaddara muka sani, mai daɗi da marar daɗi, ita ce ta 6 cikin rukunan imani a hadisin Jibrilu. Sa'a maganar 'yan caca ce.

Ɗan Tibiri: Haba Ustaz! Mutum ya zo da gidanai a ƙasa, kai kalma guda ka gani? Iyayenmu in mutum za shi tahiya cewa sukai Allah ba da sa'a. Su duka kahirai na kenan?

Ustaz: Ban kafirta kowa ba, kada ka sa mini magana a baki. "Allah ya ba da sa'a" addu'a ce, an jingina abin ga Allah. "Ba ni da sa'a" kuwa kuka ne da rabon da Allah ya yi.

Ɗan Jami'a: Allah gafarta Malam, kalmar ai daga Larabci take, ma'anarta lokaci. Ko tashin ƙiyama As-Sa'a Alƙur'ani ke kiransa. In Bahaushe ya ce ba shi da sa'a, lokacinsa ne bai yi ba, shi ke nan.

Ustaz: To ka ƙara mini hujja. Hadisi ƙudsi ya ce ɗan Adam yana cutar da Ni, yana zagin zamani, alhali Ni ne zamani, Ni nake juya dare da rana. Yana cikin Bukhari da Muslim, ka je ka duba.

Ɗan Jami'a: Ina zagin a nan? Cewa lokaci bai yi ba zagi ne?

Ustaz: Ku 'yan lakwal kullum sai kun nemo wa magana ƙofar baya.

Alhaji Mai Goro: Ɗana Mai Kanti, rabu da su. Bayan asuba ka riƙe istigfari da salatin Annabi da hailala, ɗari ɗari. Ka nemi malamin kirki ya yi maka rubutu ka sha. Ni kaina lokacin da kayana suka nutse a Gulbi da wannan na samu barci.

Ustaz: Ga shi nan, dama na san za a zo nan. Mutum na neman dogaro ga Allah, za ku maida shi dogaro ga allo da tawada. Wane sahabi ne ya wanke allo ya sha?

Alhaji Mai Goro: Ayar Allah ce a allon, ba sunan aljani ba. Yaro, ƙungiyarku ta Izala a 1978 aka kafa ta a Jos. Kafin nan mutanen Maradi ba su san Allah ba? Mu muka yi sallar gawar kakanninku.

Ustaz: Baba, da girmanka, amma gaskiya ba ta da shekaru.

Ɗan Tibiri: Ka ji ko? Alhaji ya haihi kamarka, kana yi mai karatu.

Direban Jibiya: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne "Najeriya ta yanke wuta". Ku daina ɗora wa talakan Najeriya. Hukuncin CEDEAO ne, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Mu a Jibiya wa ya ji kukanmu? Motata wata nawa tana ajiye, tayoyi suka bushe.

Ɗan Jami'a: Layin wutar daga ina yake shigowa Maradi? Ba daga Katsina ba? Kuma a 2019 wace CEDEAO ce ta rufe iyaka sama da shekara guda? Ba gwamnatinku ba ce ita kaɗai?

Direban Jibiya: Gwamnatina? Uwata 'yar Madarumfa ce, ka iya bakinka.

Mai Kanti Bagalam: Jama'a, ni fa maganar bashi da rashin barci na kawo.

Ustaz: Ka janye kalmar tukuna, sauran mai sauƙi ne.

Hajiya Babba: Na yi shiru tun ɗazu, amma abin ya isa. Ƙanena, ka ji ni. Rashin barcinka ba rashin imani ba ne. Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ya ce haƙuri mai kyau. Da 'ya'yansa suka dame shi, cewa ya yi ga Allah kaɗai nake kai ƙarar baƙin cikina, aya ta 86 ce a Suratu Yusuf. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. To kai wane ne da za a hana ka jin zafi?

Shekarar da maigidana ya rasu ya bar ni da yara 6, ni ma haka na dinga juyi a tabarma. Mata na shigowa suna cewa Hajiya sai haƙuri, wasunsu ma da kuɗin adashina a hannunsu. Natsuwar ba rana ɗaya ta sauko ba. Abin da na gane shi ne kaya biyu nake ɗauke da su, ɗaya nawa, ɗaya ba nawa ba. Nawa shi ne in tashi in soya ƙosai, in bi bashina. Gobe da jibin yaran nan kuwa ba ni na halicce su ba. In tunani ya taso tsakar dare sai in yi alwala, raka'a biyu, in faɗa wa Allah komai da Hausata, har sunan masu riƙe mini kuɗi. Wani dare in samu barci, wani dare a'a. Sannu a hankali dararen barcin suka fi yawa.

Shi kuma ɗan uwan naka, tawakkalin da ya ba ka ba nasa ba ne da zai biya bashi da shi. Annabi ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wanda ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ɗaure ta sannan ka dogara. Ka ɗauki dattawa biyu ku je, in ya ƙi ku kai wa mai unguwa, a yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata, a rubuta.

Wani Ɗan Zariya: Yanzu mata ne ke ba da fatawa a nan?

Ɗan Tibiri: Kai mi ka kawo tun sahe in ba wannan ba? Wa ya ruwaito hadisai kamar Nana A'isha cikin mata, maza na zuwa suna tambaya tata?

Wani Ɗan Zariya: Kada ka haɗa Uwar Muminai da kowa.

Ustaz: Hadisan Hajiya daidai ne. Amma ba ta taɓa maganar sa'a ba, kuma nan ne matsalar take.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, ga abin da aka tsayar. Na farko, an tabbatar da hujja daga Bukhari da Muslim cewa kalmar "ba ni da sa'a" ba ta dace da bakin musulmi ba, kuma babu wanda ya kawo hadisin da ya ture wannan. Na biyu, maganar shan rubutu ba a kawo mata dalili ba, shekarun ƙungiya kawai aka lissafa. Maganar iyaka siyasa ce, an hana ta a nan tun da daɗewa. Ɗan uwanmu Mai Kanti ya ƙara haƙuri, ya gyara lafazinsa, Allah zai buɗa masa. Muna gode wa Ustaz da ya tsaya a kan gaskiya.

Alhaji Mai Goro: Wa ya tsayar? Kai da Ustaz masallacinku ɗaya, kowa ya sani.

Ɗan Jami'a: Kuma duk maganar Hajiya ba ta shiga taƙaitawar ba?

Mai Kanti Bagalam: Yaya Hajiya, Allah ya saka da alheri, na karanta sau uku. Ranar Juma'a bayan la'asar zan koma gidansa da takarda da biro. Alhaji, in za ka samu dama ka raka ni, yana jin nauyinka. Saura mutum ɗaya.

Ɗan Tibiri: Sa ni ciki. Ina shigowa gari ran nan, mu haɗu bakin kantinka.