Wai sai na kalli duk siris ɗin Marvel kafin Doomsday ya fito?

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu bin finafinan Marvel ku taimaka min. Ni fa tun Endgame na 2019 da Tony Stark ya mutu na ɗauka an rufe shago kowa ya kama gabansa, na koma kallon ƙwallo abina. To yanzu na ji wai Robert Downey Jr. da ya fito a Tony Stark ɗin zai dawo amma a matsayin bos, Doctor Doom, a Avengers: Doomsday, sai na ce bari in ɗan kamo inda aka tsaya. Na je wajen yaron da ke tura mana fim ya sa min Doctor Strange na 2022, wlh minti ashirin ban gane komai ba, Wanda da na sani tana cikin jarumai kawai sai ga ta tana karkashe mutane wai tana neman 'ya'yanta, yaushe ta yi aure yaushe ta haihu? Ƙanina yana gefe yana cin gyaɗa yana min dariya wai ai sai na kalli WandaVision tukuna. To siris nawa ne haka? Wayata 64 giga ce kuma rabi hotunan biki ne.

Abban Hanif:
Hhh malam ka faɗa ramin da duk muka faɗa. Ba sai ka kalli duka ba. WandaVision dole ne, kashi 9 ne, amma ka yi haƙuri da kashi biyun farko don baƙi da fari ne kamar talabijin ɗin kakanni, mutane da yawa a nan suke ajiye shi su ce yaron tura ya cuce su. Sai Loki, sizin biyu, kowanne kashi 6, shi ne ya buɗe maganar duniyoyi barkatai ɗin nan da komai ya rataya a kai yanzu, kuma ni a wajena ƙarshen sizin na biyu ya fi duk abin da suka yi bayan Endgame. Daga nan ka tsallake zuwa Thunderbolts da Fantastic Four na 2025. Secret Invasion kuwa ko kyauta aka tura maka ka goge, asarar caji ne.

Baban Gida Zinder:
Ni dai ina ganin wahalar da kanka za ka yi a banza ɗan uwa. Mutanen nan sun mayar da kallo kamar jinga, kafin ka ji daɗin fim ɗaya sai ka yi bitar uku. Dubi The Marvels na 2023, mata uku ne jaruman, ɗaya daga WandaVision ta fito ɗaya daga Ms. Marvel, wanda bai da Disney+, manhajar da ake nuna siris ɗin, ina zai san su? Shi ya sa bai kawo kuɗi ba, dala miliyan 200 da 'yan kai, alhali Endgame ya kusa biliyan 2.8. Su kansu Amurkawan sun gaji balle mu da muke ƙirga data. Sannan suka shekara biyu suna gina mana Kang a matsayin babban bos, ɗan wasan da ke fitowa a Kang ɗin, Jonathan Majors, ya samu matsala a kotu a ƙarshen 2023 suka sallame shi, shikenan labari ya bi ruwa. Dawo da Downey ɗin nan ba dabara ba ce, rasa tudun dafawa ne. In kana son abu mai nama ka nemi The Penguin, kashi 8 kacal, babu mai tashi sama babu mai harba wuta da ido, ɗan daba ne gurgu mai baƙin wayo yana cin amanar kowa a Gotham, garin su Batman, ba za ka taɓa cewa Colin Farrell ne a cikin fuskar nan ba. Abin da ya yi wa yaronsa a kashin ƙarshe har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ɗan Kurna:
Haba Baban Gida ai ka fara ɓata min kallon tun ban tura ba, ka tsaya iya nan dan girman Allah.

Maman Ilham:
Ni shawara ɗaya zan ƙara tunda na ga an fara lissafo na manya. Duk wanda ya ce maka The Boys ko Deadpool & Wolverine, to ba na falo ba ne. Mu mun sha kunya, maigida ya kawo Deadpool ɗin a filash ganin riga ja da rawaya ya ɗauka irin su Spider-Man ne, muka zauna har da yara da ƙanwar babansu da ta zo kwana biyu, tun kafin a gama rubutun farko an fara tsinke kawuna ana rawa, na rasa inda rimot yake sai soket na cire gaba ɗaya. Baiwar Allah ba ta ce komai ba, tashi kawai ta yi wai za ta duba tukunya, alhali mun riga mun ci abinci. Wanda muka kalla lafiya lau da yaran shi ne Superman na 2025, su karen nan Krypto kawai suke jira ya fito.

Abban Hanif:
Hajiya kin yi gaskiya, Superman ɗin darakta James Gunn ni ma ya min, ko ba komai an dawo da kala, ba irin duhun nan na da ba da sai ka ƙure hasken waya kafin ka ga fuskar mutum. Amma Baban Gida kar ka yi wa Marvel kuɗin goro. Deadpool ɗin da ake magana ya haura dala biliyan 1.3, to mutane ba jaruman suka gaji da su ba, shirme suka gaji da shi. Thunderbolts bai yi kasuwa sosai ba amma fim ne mai kyau, bos ɗin ma ba wani dodon sama ba ne, ciwon damuwar da ke cikin wani yaro Bob ne ya zama baƙar inuwa yana haɗiye gari, ban taɓa zaton zan ga haka a Marvel ba.

Baban Gida Zinder:
To ai ka faɗa da bakinka, bai yi kasuwa ba. Kuma Deadpool tsofaffin fuskoki ya sayar, Hugh Jackman tun 2000 yake Wolverine. In Doomsday ya fito mu haɗu a nan.

Ɗan Kurna:
Na gode kowa da kowa. Na koma wajen yaron ya tura min WandaVision da Loki, sai da na goge bidiyon kamun ƙanwata kafin su shiga, Allah Ya sa kar ta tambaya. Abban Hanif tambaya ɗaya, na buɗe kashi na farko na ga har dariyar mutane ake sakawa a baya, haka yake ko dai wani abin daban ya tura min?