Wai Bayan Tupac An Daina Rap?

Daga zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban wata sakandare a ƙasar Ringim, bayan sallar isha'i.

Tela: Jama'a ku zama shaida, na faɗa kuma ba zan janye ba. Tun da Tupac ya saki All Eyez on Me a Fabrairun 1996, ba a sake yin albam na rap da ya kama ƙafarsa ba. Waƙa 27, faifai biyu. Mutum ya fito daga gidan yari da 'yan watanni, ya shiga situdiyo ya zazzage abin da ke cikinsa. Satumba na zuwa aka harbe shi a Las Vegas yana ɗan shekara 25. Daga nan abin ya koma neman kuɗi kawai.

Mai Caji: Yaya Tela, da girmanka. Neman kuɗi ai da shi aka fara. Kamfanin waƙa na Death Row ne ya tsaya masa beli, shi kuma ya biya shi da waƙa. Mu dai namu Get Rich or Die Tryin' ne na 50 Cent, 2003, ga Dr. Dre ga Eminem a bayansa. Daga nan har Gujungu, wane gidan kallo ne ba ya sa bidiyonsa kafin a take ƙwallo?

Tela: Ƙanena, wannan kiɗan rawa ne. Ni maganar ma'ana nake yi.

Malam na Firamare: Tela, tambaya ɗaya. A ina ka saurari wannan albam ɗin?

Tela: A kaset mana. Yayanmu ne ya zo da shi daga ci-rani a Legas. Sai da zaren ya tsinke na liƙe shi da jan farce.

Malam na Firamare: Kaset ɗaya?

Tela: Ɗaya. C-90.

Malam na Firamare: To a nan gizo ke saƙar. C-90 minti 90 yake ɗauka, 45 kowane gefe. All Eyez on Me kuwa ya haura awa biyu. Ka ga fiye da minti 40 ba su taɓa shiga kunnenka ba. Wani mai kwafar kaset ne ya zauna ya tsince maka masu daɗin, ya watsar da sauran, kai kuma ka shekara talatin kana yabon Tupac da aikin mai kwafa. Kusan dukkanmu haka muka ji waƙoƙin nan. A ƙauye ba albam muke saye ba, abin da aka cusa mana a kaset muke ji, wani lokacin ma a tsakiyar Snoop Dogg sai ka ji Lucky Dube ya faɗo. In albam ake so wanda aka gina shi daga farko har ƙarshe, Illmatic na Nas ne, 1994. Waƙa 10, bai cika minti 40 ba, gefe ɗaya na kaset ya ishe shi, babu abin da mai kwafa zai yanke.

Tela: Malam, ko rabin Tupac ɗin ya fi Nas ɗinka gaba ɗaya.

Injiniya: Kun manta da rock kamar ba a yi shi ba. Nevermind na Nirvana ya fito a Satumban 1991, zuwa Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga mataki na ɗaya a Amurka. Michael Jackson fa! Wane ɗan rap ne ya yi wannan a lokacin?

Mai Caji: Injiniya, tsakaninka da Allah, wa ya ji Nirvana a garinmu a 1991? Shekarar da aka ba mu Jigawa ke nan, kai kana ajin firamare. A jami'a ka tsinto shi.

Injiniya: A jami'a ne, to sai me? Kai ma Linkin Park nawa ka tura wa yara a memori?

Mai Caji: Wanda suka yi da Jay-Z a 2004 ne kawai ake tambaya. Shi ma don Jay-Z ne. Ihun nan da jita ba ya shiga mutanenmu.

Anti Nas: Sannunku maza. Tun ɗazu nake karantawa ina jira wani ya ambaci mace. The Miseducation of Lauryn Hill, 1998, bayan mutuwar Tupac da shekara biyu, ya ba ta lambar yabo ta Grammy biyar a dare ɗaya. Tela, wannan kaɗai ya rushe maganarka. Sannan ku duka kun tsallake na gida. Eedris Abdulkareem a Kano aka haife shi, kuma Jaga Jaga na 2004 sai da ya sa Obasanjo da kansa ya mayar masa da martani. Eedris dai mun san abin da yake faɗa, don a jikinmu muke jin sa.

Tela: Anti, Lauryn ai rabi waƙa ce rabi rap. Ba layinsu ɗaya ba.

Anti Nas: Ka ji shi. In an kama shi sai ya canja layi.

Kawu Admin: Yara, ni Shata na sani, Allah ya jiƙansa, tun 1999 da ya rasu ban ƙara sayen kaset ba. Wannan rap ɗin naku kuwa 'yan gambara sun riga su, a kasuwa, ba situdiyo ba lantarki. Amma Tela, ka ce ma'ana. Lokacin da kake juya kaset da biro don kada batir ya ƙare, baiti nawa kake ganewa?

Tela: Kawu, Allah ya ƙara girma. Ba sai na gane kowace kalma ba. Murya ta isa ta gaya maka mutum na cikin damuwa.

Malam na Firamare: A nan kam ina bayanka. Amma a muryar ma Biggie, abokin hamayyar Tupac, ya fi shi iya zama a kan kiɗa. Ka nemi albam ɗinsa Ready to Die.

Tela: Kada ka soma, Malam. Rigimar Tupac da Biggie ai su biyun duk an kashe su.

Mai Caji: Yaya Tela, gobe ka aiko yaro da memorinka in zuba maka 27 ɗin cif, ka ji abin da aka ɓoye maka. Kai kuma ka rage min kuɗin ɗinkin sallah.

Tela: Zan aiko. Kuɗin ɗinki kuwa ko sisi.